Yadda Ake Gwada Ratsawar Ruwa a Naman Dankali da Ruwan Sukari Mai Kauri Daban-daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kayan miya da rana tsaka ya ga yadda yake tsoma alayyahu ko latas cikin bokitin ruwa, kuma ganyen da ya yi yaushi ya miƙe bayan ɗan lokaci. Haka nan uwargidan da ta yanka albasa ko kokwamba ta barbaɗa gishiri ta san ba za a jima ba ruwa zai taru a gindin kwanon. A wajen ganyen ruwa ne ya shiga, a wajen albasar kuwa ruwa ne ya fita, amma dalilinsu ɗaya ne, kuma shi ne abin da wannan gwaji zai ba mu damar aunawa da lissafi.

Masana kimiyya suna kiran wannan tafiya ta ruwa osmosis, mu kuma a nan za mu riƙa ce mata ratsawar ruwa. Abin da ake nufi shi ne ruwa ya ƙetare wani siririn tantani mai zaɓen abin da zai wuce, daga ɓangaren da narkakkun abubuwa ba su da yawa zuwa ɓangaren da suka fi yawa. Kowace ƙwayar halitta ta tsiro tana da irin wannan tantani. A wajensa akwai bango mai ƙarfi wanda ruwa da sukari duka suke ratsawa ba tare da shamaki ba, a cikin ƙwayar kuma akwai babbar jakar ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri iri-iri da sauran abubuwan da suka narke. Ruwa yana wuce tantanin cikin sauƙi, galibi ta wasu ƙananan ƙofofi na furotin waɗanda masanin kimiyya Peter Agre da abokan aikinsa suka tabbatar da aikinsu a 1992, alhali sukarin da muke zubawa a shayi ba ya iya shiga sai a hankali ƙwarai. Wannan ne ya sa aka fi son sukari a kan gishiri a wannan gwaji, domin gishiri yana kutsawa cikin ƙwayoyin ya sauya abin da ake son aunawa.

Kafin a taɓa wuƙa ya kamata a fahimci abin da ake nema. Idan manufar ita ce kawai a nuna cewa dankali yana kumbura a ruwa kuma yana motsewa a ruwan sukari, kofi biyu sun isa. Dalilin jera kofuna da yawa masu kauri daban-daban shi ne a gano kaurin da dankalin ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa a cikinsa, domin a wannan matsayi ne ƙarfin jan ruwa na naman dankalin ya yi daidai da na ruwan sukarin da ke kewaye da shi. Tun da mun san kaurin ruwan da muka haɗa da hannunmu, sai mu karanta halin da ƙwayoyin dankalin suke ciki ba tare da mun fasa ko ɗaya ba. Duk wata kiyayewa da za a ambata a ƙasa ana yin ta ne domin wannan matsayi guda ya fito daidai.

Kayan aiki da haɗa ruwan sukari

Ana bukatar manyan dankalin turawa guda biyu ko uku masu tauri, waɗanda ba su fara tsiro ba kuma ba su yi kore ba, irin waɗanda ake kawowa kasuwanninmu daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a jihar Filato. Ana bukatar farin sukari na gari, wanda kusan gaba ɗayansa sinadari ɗaya ne da ake kira sukuros. Kada a yi amfani da mazarƙwaila ko zuma, saboda akwai ruwa da wasu nau'o'in sukari a cikinsu da za su ɓata lissafin. Sai tataccen ruwa, wanda idan babu shi a ɗakin gwaje-gwaje ana samunsa a wajen masu gyaran batir, amma a tabbatar ruwan ƙari ne zalla, ba mai asid ba. Idan hakan ma ya gagara, ruwan leda zai yi, muddin da shi aka haɗa dukan kofunan. Sauran kayan su ne kofuna takwas masu girma ɗaya da murafensu, da sirinji na mililita 20 wanda aka cire wa allura, da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, da rula, da takardar tishu, da agogo, da ƙarfe mai rami na huda toshiyar kwalba idan akwai shi.

Ma'auni shi ne ƙashin bayan aikin. Wanda yake karanta kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin ƙaramin sikelin lantarki da masu sayar da zinare suke amfani da shi, shi ne ya fi dacewa. Wanda ba shi da sai sikelin kicin mai karanta giram ɗaiɗai kada ya fasa gwajin, sai dai ya ƙara yawan yankan dankalin da zai sa a kowane kofi, ya auna su a tare, ya kuma ƙara yawan ruwan, domin sauyin nauyi ya kai abin da sikelin zai iya gani. Wasu littattafai suna cewa a auna tsawo da rula maimakon nauyi. A ganina wannan hanya ba ta da tabbas, saboda yanka mai tsawon milimita 40 ba zai sauya da fiye da 'yan milimita kaɗan ba, ita kuwa rula ba ta bambance abin da bai kai milimita ɗaya ba.

Ana fara haɗa ruwa mai kauri guda ɗaya, wanda za mu kira uwar haɗi, daga gare shi kuma a tsinka sauran. Nauyin mol ɗaya na sukuros (mol shi ne ma'aunin da masana suke ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi) giram 342.3 ne, don haka ruwa mai kaurin mola 1.0 shi ne wanda kowace lita ɗaya tasa take ɗauke da wannan nauyi na sukari. Mililita 250 sun ishe mu, wato rubu'in lita, saboda haka sai a auna sukari giram 85.6.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren farko. Ba a ɗebo ruwa mililita 250 a zuba sukarin a ciki, domin sukari ma yana cin wuri bayan ya narke. Giram 342 na sukari suna ƙara wa ruwa kusan mililita 210, don haka wanda ya zuba su a cikin cikakkiyar lita zai samu fiye da lita 1.2, kuma kaurin ruwansa zai tsaya wajen mola 0.83 alhali ya rubuta 1.0 a jikin kwalba. Hanyar da ta dace ita ce a narkar da sukarin a ruwa kamar mililita 150, a yi ta motsawa har ya zamana babu ƙwaya ko ɗaya a gindi, sannan a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har jimillar ta kai mililita 250. Wanda ba shi da kwalbar awo yana iya yin tasa: ya ɗora kwalba mai siririn wuya a kan sikeli, ya zuba ruwa giram 250, ya ja layi daidai inda ruwan ya tsaya, domin giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne. Idan an ɗuma ruwan don sukarin ya narke da wuri, a bari ya huce kafin a cika zuwa layin.

Kowane kofi zai ɗauki mililita 50. Na farko ruwa ne zalla, wato mola 0.0. Na biyu a zuba uwar haɗi mililita 5 da ruwa 45, ya ba da mola 0.1. Na uku 10 da 40, mola 0.2. Na huɗu 15 da 35, mola 0.3. Na biyar 20 da 30, mola 0.4. Na shida 30 da 20, mola 0.6. Na bakwai 40 da 10, mola 0.8. Na takwas uwar haɗi ce zalla, mililita 50, mola 1.0. Mai lura zai ga kofunan sun fi kusa da juna a ɓangaren da ruwan bai yi kauri ba, kuma da gangan aka yi haka, saboda a dankalin turawa matsayin da muke nema yawanci yana faɗowa tsakanin mola 0.2 da 0.4, kuma a wurin ne aka fi bukatar awo a jere. A rubuta kaurin a jikin kowane kofi kafin a zuba komai, domin ruwan sukari duk kamanninsa ɗaya ne a ido. A gauraya kowane kofi sosai, saboda uwar haɗi ta fi ruwa nauyi kuma takan kwanta a ƙasa. A ɗebi ruwan zalla da sirinjin tukuna kafin a tsoma shi a uwar haɗi.

Yanka da awon farko

Abin da ake so shi ne yankakkun dankali guda 24, uku ga kowane kofi, masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya. Idan akwai ƙarfen huda, a ɗora dankalin a kan katako, a soka ƙarfen daga sama zuwa ƙasa, a turo abin da ya fito, a yanke bakinsa biyu domin kada ɓawo ya rage, sannan a daidaita tsawon zuwa santimita 4. Kada a riƙe dankalin a tafin hannu ana huda shi. Idan babu ƙarfen, a yanka da wuƙa kamar za a soya, kowane yanka faɗinsa da kaurinsa milimita 8, tsawonsa santimita 4. Dole a cire ɓawon gaba ɗaya, domin Allah Ya halicce shi ne ya hana ruwa fita daga dankalin, kuma duk gefen da ya rage da ɓawo ba zai yi musayar ruwa kamar sauran ba.

Daidaita girma ba don kyan gani ake yi ba. Ruwa yana shiga ne ta fuskar yankan, don haka siririn yanka yana kai wa ƙarshen sauyinsa da wuri fiye da kakkaura, kuma idan girma ya bambanta ba za a san ko kaurin sukari ne ya kawo bambancin sakamako ko siffar yankan ba. Idan dankali ɗaya bai isa a fitar da duka 24 ba, a rarraba su yadda kowane kofi zai samu yanka daga kowane dankali, maimakon a ba kofunan farko na wannan, na ƙarshe kuma na wancan. Dankali biyu daga buhu ɗaya ma suna iya bambanta a yawan ruwa da sukari.

Yayin da ake yankan, a riƙa ajiye waɗanda aka gama a cikin kwano mai murfi, domin kada iska ta busar da su, musamman a lokacin hunturu da abu yake bushewa cikin 'yan mintoci. Kada a jiƙa su a ruwa ana jiran a gama, saboda wannan jiƙon kansa ratsawar ruwa ce, kuma gwajin ya fara ke nan kafin a auna komai. Da an gama, a ɗauki uku-uku, a mirgina su sau ɗaya a kan tishu don cire ruwan ƙwayoyin da reza ta fasa, a auna nauyinsu, a rubuta a gaban kaurin kofin da za su shiga. Wanda yake son ya bi kowane yanka shi kaɗai yana iya yi wa na biyu tsaga ɗaya a baki, na uku tsaga biyu, ya bar na farko haka nan, kafin ya auna su.

A zuba su a kofuna ɗaya bayan ɗaya da tazarar minti biyu, ana rubuta lokacin kowanne, domin idan an zo cirewa a bi wannan jeri da wannan tazara, kowane kofi ya samu tsawon lokaci iri ɗaya. A tabbatar ruwan ya rufe su. A kofunan 0.8 da 1.0 dankalin yakan taso sama saboda ruwan ya fi shi nauyi, sai a danne shi da ɗan cokalin roba mai tsabta. A rufe kofunan, a ajiye su a inuwa wuri ɗaya. Murfin yana hana ruwa ƙafewa ya ƙara wa haɗin kauri, yana kuma hana kiyashi, waɗanda ba sa jimawa ba su gano ruwan sukari ba.

Awa ɗaya tana nuna alkiblar sauyin, awa biyu zuwa uku sun fi ba da sakamako mai gamsarwa. Barin su su kwana yana kusantar da su ga daidaito, amma a lokacin bazara akwai haɗari, domin ruwan sukari da naman dankali a cikin zafi suna saurin fara tsami, kuma da zarar ƙwayoyin cuta sun lalata tantanin ƙwayoyin dankalin, abin da za a auna ba ratsawar ruwa ba ce. Idan za su kwana, a sa su a wuri mai sanyi, kamar gefen randa. Malamin da darasinsa bai wuce minti 80 ba zai fi samun biyan bukata idan ya yayyanka kowane yanka zuwa faifai masu kaurin milimita 2 ko 3, ya auna su a tare, saboda sirara suna gama sauyawa da wuri.

Awo na biyu, inda gwajin yake gyaruwa ko ya lalace

Idan lokaci ya cika, a ciro yankan kofin farko, a shimfiɗa tishu, a mirgina kowanne a kai sau biyu ba tare da matsawa ba, a auna nan take. Haka za a yi wa kowane kofi, da sabon tishu, da adadin mirginawa iri ɗaya, kuma gara mutum ɗaya ya yi wannan aiki tun daga farko har ƙarshe. Na taɓa duba sakamakon wani aji inda dankalin kofin 1.0 ya nuna raguwar da ba ta kai ta kofin 0.6 ba ko kusa, kuma da muka bi diddigi sai muka tarar ɗaliban da ke kula da wannan kofi sun ɗora yankansu a kan sikeli yana ɗigar da ruwa. Ruwan sukari mai kauri yana manne wa dankali kamar zuma, ga shi da nauyi, don haka abin da ya maƙale a waje ya rufe abin da ya fita daga ciki. Wanda kuma ya matse yankan da ƙarfi ya yi kuskure ta ɗaya gefen, domin yankan da ya yi laushi yana sakin ruwansa da ɗan matsi kaɗan.

Kafin a zubar da su, a taɓa kowanne, a gwada lanƙwasa shi tsakanin yatsu biyu. Wanda ya fito daga ruwa zalla zai yi tauri, ya cika tim, idan aka matsa masa ya karye ƙas. Wanda ya fito daga kofin 1.0 zai yi laushi kamar roba, ana iya haɗa bakinsa biyu bai karye ba, kuma ya ɗan rage tsawo. A rubuta wannan ma a littafi, domin shi ne shaidar ido ta abin da lambobin za su faɗa.

Ba a kwatanta giram da giram kai tsaye, tun da nauyin farko bai zama ɗaya ba. Ana mayar da sauyin zuwa kaso cikin ɗari: a ɗebe nauyin farko daga na ƙarshe, a raba abin da ya fito da nauyin farko, a ninka da 100. A ce wani yanka ya shiga da giram 2.20 ya fito da 2.42, ƙarin giram 0.22 ne, wato kashi 10 cikin ɗari. A ce wani ya shiga da 2.35 ya fito da 1.88, ragin giram 0.47 ne, wato kashi 20 cikin ɗari, kuma a rubuta shi da alamar ɗebewa a gabansa. Idan an auna yankan ɗaiɗai, a fitar da matsakaicin ukun. Idan ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa ƙwarai, kada a goge shi a ɓoye, a bar shi a rubuce tare da bayanin abin da ake zaton ya jawo hakan.

A takardar giraf, a sa kaurin sukari a layin kwance daga 0.0 zuwa 1.0, a sa kason sauyin nauyi a layin tsaye, kuma layin kwancen ya ratsa tsakiyar takardar domin ƙari ya hau sama, ragi ya sauka ƙasa. A ɗiga sakamakon kowane kofi, a ja layi mai santsi wanda ya bi tsakanin ɗige-ɗigen, ba mai tsalle daga wannan zuwa wancan ba. Inda wannan layi ya ƙetare layin sifili, nan ne amsar gwajin. Misali, idan kofin 0.2 ya ba da ƙarin kashi 4, kofin 0.3 kuma ragin kashi 2, layin zai ƙetare sifili wajen mola 0.27.

Siffar layin ma tana da abin faɗi. A ɓangaren ruwa zalla ƙarin nauyi ba ya wuce iyaka, ko da an bar dankalin tsawon lokaci, saboda yayin da ruwa yake shiga, jakar cikin ƙwaya tana kumbura ta tokare bango, bangon kuma yana mayar da matsin har ya hana ƙarin ruwa shiga. Wannan matsi ne yake tsayar da ganye da ɗanyen kara a miƙe, kuma rashin irin wannan bango ne ya sa ƙwayar jinin mutum take fashewa idan an sa ta a ruwa zalla. A ɓangaren kauri kuwa layin yakan fara kwanciya daga wajen 0.6 zuwa sama, domin ƙwayoyin sun riga sun saki mafi yawan ruwan da za su iya saki, tantaninsu ya janye daga bango, kuma ruwan sukarin waje ya shiga ya cika gurbin da ya buɗe tsakanin bangon da tantanin.

Kuskuren fahimta da aka fi yi shi ne a ce matsayin sifili yana nuna yawan sukarin da ke cikin dankali. Ba haka ba ne. Abin da yake nunawa shi ne jimillar ƙarfin jan ruwa, wato jan da dukan narkakkun abubuwan cikin ƙwaya suke yi, bayan an ɗebe turin da bango yake yi. Sitacin da ya cika dankali kuma ba ya cikin wannan lissafi, domin ba ya narkewa a ruwan ƙwayar, kuma wannan ne ya ba tsiro damar tara abinci mai yawa a saiwa ba tare da ya jawo wa ƙwayoyinsa ruwan da ya fi ƙarfinsu ba.

Ana iya mayar da amsar zuwa ma'aunin matsi ta hanyar ƙa'idar da Jacobus van 't Hoff, masanin ƙasar Holan da ya fara karɓar lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1901, ya fitar daga awon da Bajamushe Wilhelm Pfeffer ya wallafa a 1877. A ninka kaurin da 0.0831, sannan da zafin ɗakin a ma'aunin Kelbin, wanda ake samu idan an tara 273 a kan digirin Selshiyos. A ɗaki mai zafin digiri 27, wato Kelbin 300, kaurin 0.27 zai ba da kusan bar 6.7, kimanin ninki uku na iskar da ake bugawa a tayar ƙaramar mota. Ƙa'idar tana kusantar gaskiya ne a ruwan da bai yi kauri ba. A mola 1.0 tana ba da wajen bar 25, alhali awon gaske ya kai wajen 35, don haka kada a dogara da ita a kofunan ƙarshe.

Akwai ƙarin kofi ɗaya da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba, ko da yake da yawa ba sa yin sa. A tafasa yanka uku na minti biyar, a bari su huce, a goge, a auna, a sa su a ruwa zalla cikin nasu kofin, lokaci ɗaya da sauran. Ba za su yi tauri ba, kuma ba za su ƙara nauyi irin na ɗanyun ba, saboda zafi ya lalata tantanin, ya zamana komai yana shiga yana fita yadda ya ga dama. Da wannan kofi ne ake amsa wa mai cewa ai dankali tsotsar ruwa kawai yake yi kamar soso.

Wanda yake da madubin likita yana iya ganin abin da sikeli ya auna. A ɓare siririyar fatar waje ta ɓawon jar albasa mai nama, inda launin yake, a shimfiɗa ta a kan gilashi cikin ɗigon ruwa, a rufe, a duba. Kowace ƙwaya za ta bayyana cike da launin shunayya har bakin bangonta. Sai a ɗiga ruwan kofin 1.0 a gefe ɗaya na murfin gilashin, a sa tishu a ɗaya gefen ya jawo shi ya ratsa. Cikin 'yan mintoci launin zai tattaru a tsakiya, ya ƙara duhu, ya bar fili fari tsakaninsa da bango, shi kuwa bangon yana nan a yadda yake. Idan aka sake jawo ruwa zalla kafin a daɗe, ƙwayoyin za su sake cika. Da irin wannan kallo, a ganye mai launin shunayya, masanin tsirrai Hugo de Vries ya kwatanta ƙarfin jan ruwa na sinadarai daban-daban a aikinsa na 1884. Idan aka sa fatar albasa a kowane kofi na rabin awa, aka ƙirga ƙwayoyi kamar 50 a kowace, kaurin da rabin ƙwayoyin suka fara janyewa a cikinsa shi ne ake ɗauka a matsayin wanda turin bango ya koma sifili, kuma a nan ne kaɗai kaurin waje yake nuna jan narkakkun abubuwan ciki su kaɗai.

Bayan an ƙware a dankalin turawa, sai a maimaita da dankalin Hausa ko karas, waɗanda suka fi shi zaƙi, kuma saboda haka matsayin sifilinsu yawanci ya fi nasa nisa, don haka a ƙara kofunan 0.5 da 0.7. Doya ma tana yi, sai dai wasu nau'o'inta suna sa ƙaiƙayi a hannu kuma suna da yauƙi mai wahalar gogewa. Gwajin da ya fi sauƙin shiryawa shi ne a sayi dankali daga tuli ɗaya, a gwada rabi a ranar, a ajiye rabi a ɗaki na mako uku sannan a gwada shi da sabon haɗi. Wanda aka ajiye ya rasa wani ɓangare na ruwansa, idan ya fara tsiro kuma wani sitacinsa ya koma sukari, don haka ana sa ran zai sha ruwa fiye da na farko a kofin 0.0, kuma layinsa zai ƙetare sifili a kauri mafi girma. A yi awon biyu da sikeli ɗaya, da girman yanka ɗaya, da tsawon lokaci ɗaya, a kuma rubuta zafin ɗakin a kowace rana.